Ya Shiga Ba Shi Ne Ya Dace Ba: Zaɓen Harsashi Ga Tsohuwar Bindiga

Ranar da aka yi addu'ar bakwai ta kawunmu a unguwar Gangare da ke Jos, bayan mutane sun watse, aka ce a buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa a lissafa kaya kafin rabon gado. A ciki muka tarar da bindigarsa ta farauta mai baki biyu, an raba ta gida uku an naɗe da tsohon bargo, ga takardun lasisinta cikin leda, ga kuma gwangwanin madara cike da harsasai kala-kala: ja, kore, na takarda ruwan goro, har da rawaya guda biyu. Can ƙasa, cikin tsumma mai maiƙo, sai ga wata 'yar libarba da babu wanda ya taɓa jin kawu ya ambace ta.

Ƙanena, wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya harhaɗa mai baki biyun, ya zaro wani jan harsashi ya zura. Ya zauna daram.

"Yaya, ga shi ya shiga. Nata ne."

Na karɓe na cire. A jikin kwanson an rubuta 12/70, giram 36, wato tsawonsa milimita 70, dalmarsa giram 36. Na cire katakon gaba, na ɗaga bututun na juya ƙasansa, na goge da yatsa. Ga tambari nan a fili: 2½, sai NITRO PROOF, sai 1⅛ oz. Wato makwancin harsashinta milimita 65 ne, kuma a kan dalma giram 32 aka gwada ta. Yaron ya ba ta abin da ya fi ta tsawo, ya kuma fi ta nauyi, ita kuwa ta karɓa ba ta ce uffan ba.

Ban ga laifinsa ba. Yawancin masu tsohuwar bindiga da wannan ma'aunin suke sayen harsashi: in ya shiga, bindiga ta rufu, magana ta ƙare. Sai dai ƙarfen da aka ƙera tun kafin kakanninmu su tafi yaƙin Bama ba ya ƙin abin da aka ba shi. Haɗiyewa yake yi shekara da shekaru, sai ranar da zai tsage, kuma yawanci a daidai inda hannun hagu yake riƙe yake tsagewa.

Wa doka ta yarda ya saya

Wannan tambaya ta riga tambayar wanne za a saya. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izinin riƙe su. A nan bindigogin yaƙi suke, kuma a nan libarba da fistol suke, komai ƙanƙantarsu, komai tsufansu. Kashi na biyu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da raifal na farauta, da bindigar iska. Mai ɗura kanta da wadda ake jan katakonta gaba da baya ta ɗura ba sa cikin wannan kashi, duk da yadda suka cika gari. Na uku ita ce wadda ake ɗurawa ta baki, adaka, lamarinta yana wajen Kwamishinan 'yan sandan jiha. Harsashi kuma bin bindiga yake yi: wanda ba shi da lasisin bindigar ba shi da hurumin riƙe harsashinta, ko da ƙwaya ɗaya ce a aljihun riga. Hukuncin riƙe haramtacciya ba izini bai gaza ɗaurin shekara 10 ba.

Akwai wani sashe da magada ba su cika sani ba. In mai lasisi ya rasu, kwana 14 kacal doka ta ba wanda kayan ke hannunsa ya riƙe bindigar da harsashinta. Lasisi ba ya cikin abin da ake gada. Mu kuwa ranar da muka buɗe akwatin, bakwai sun riga sun tafi.

Libarba, da sunayen da ke yaudara

Ta kawu Webley ce, irin wadda ake karyawa ta sama ta tofar da kwanso shida lokaci guda, an buga .38 a jikinta. Gwaggo ta ce wani Baturen kuza ne a Bukuru ya bar wa kakanmu lokacin yana helma, wani kawun ya rantse daga Bama ta zo. Ko ta ina ta zo, takarda dai babu.

Na ɗan tsaya a kanta ne don babu inda sunan harsashi ke yaudarar mutum kamar a ƙananan libarba, kuma wanda ya fahimci wannan ya fahimci sauran. Lamba 38 kaɗai ta raba kanta gida uku. Akwai .38 S&W na 1877, wanda sojojin Ingila suka ɗauka a shekarun 1930 suka ƙara masa nauyin dalma, shi ne abincin Webley da Enfield na yaƙin duniya na biyu. Kwansonsa gajere ne, bai cika milimita 20 ba, amma yana da ɗan kauri. Akwai .38 Special na 1898, kwansonsa milimita 29, ya fi tsawo amma ya fi siranta. Kama da wane ba ta wane. Bayan yaƙi, 'yan kasuwa sun kwashi libarba Smith & Wesson da Amurka ta aika wa Ingila, suka zurfafa ramukansu don su ci Special, saboda shi ya fi kasuwa. Zurfi ya yi, amma gindin ramin yana nan da faɗinsa na da, sai kwanso ya kumbura ko ya tsage in an harba. Ga bindigar da tambarinta ke faɗin abu ɗaya, raminta na faɗin wani. Sai na uku, .357 Magnum na 1935, wanda kaurinsa ɗaya da Special, amma da gangan aka ƙara wa kwansonsa kimanin milimita 3 don kada ya shiga tsofaffin bindigogi, tunda matsinsa, wato ƙarfin da albarushi ke tura ƙarfe da shi in an harba, ya ninka: a ma'aunin Amurka na psi, Special 17,000 ne, Magnum 35,000. Dabarar ta yi aiki, sai dai akwai tsofaffin libarba da aka huda ramukansu sambal babu tudu a ciki, waɗannan haɗiye shi suke yi. Ko a cikin Special ɗin ma, wanda aka rubuta wa +P ya kai 20,000, ba na tsohon ƙarfe ba ne.

Dangin .32 ma haka: .32 S&W na 1878, sai Long na 1896, sai H&R Magnum na 1984, kowanne ya ɗara na gabansa tsawo da ƙarfi. Mugun cikinsu baƙo ne, .32 ACP, wanda Turai ke kira 7.65. Na fistol ne, amma yana da ɗan leɓe a gindi da ke sa shi zama a wasu libarba kamar nasu ne. Matsinsa 20,500, alhali na Long 15,000 ne. A .22 kuwa, Short na 1857 shi ne kakan kowa, Long Rifle ya zo a 1887, Magnum a 1959 da kwanso mai kauri, shi ya sa Long Rifle a ramin Magnum yake tsagewa ya feso wuta ta baya.

Ƙarƙashin duk wannan akwai batun albarushi. Marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya samar a Faransa a 1884, bai kori baƙin albarushi dare ɗaya ba. Ƙananan libarba masu araha na Amurka da Beljiyam sun ci gaba da fitowa da ƙarfen da aka auna da baƙin albarushi. Kamfanin Iver Johnson sai a 1909 ya sauya nasa. Harsashin da ake ƙerawa yau kusan duk marar hayaƙi ne. Ƙara da cewa gangar libarba in ta tsufa ba ta tsayawa daidai saitin bututu, sai ta riƙa aske dalma tana watsa wa na gefe.

To me za a saya wa libarbar kawu? Ba komai. Zaɓi uku muka tattauna a zaure, kuma babu sayen harsashi a cikinsu. Ƙanena yana son a ajiye ta don tunawa da kaka; doka ba ta san tunawa ba, kuma a garin da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, bincike gida-gida ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Wani ya kawo maganar sayarwa, gwaggo ta dube shi ta ce, "Kai, ka san hannun da za ta faɗa?" Maganar ta mutu nan. Saura miƙawa. Babban wanmu ya fara tuntuɓar lauya, sannan aka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda kafin a ɗaga ta daga inda take, don kada a tare mutum a shinge da ita yana kame-kame. Aka karɓa, aka rubuta lambarta, muka karɓi takardar shaida. Akwai kuma cibiyar ƙasa mai kula da daƙile yaɗuwar ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro a Abuja, ita ma tattara irin waɗannan aikinta ne.

Inda ake ciniki na gaske

Bindigar farauta mai lasisi ita ce ake saya wa harsashi, kuma a nan ne kuɗi ke tafiya a banza ko yatsa ya tafi.

Lambar farko a jikin kwali ita ce faɗin bututu. Lissafin tsoho ne: in aka raba dalma laba ɗaya zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bututun mai lamba 12, kimanin milimita 18.5. Shi ya sa lamba na hawa bututu na tsukewa: 16 ta fi 12 ƙanƙanta, 20 ta fi 16. Nan hatsarin rawayen nan biyu yake. Harsashin lamba 20 in aka jefa shi a mai lamba 12, zamewa yake yi ya wuce ciki ya maƙale a wuya. Mai bindiga ya duba ya ga wayam, ya ɗauka bai ɗura ba, ya ɗora na 12 a baya ya ja kunama. Don haka ne masana'antu da yawa suke yi wa lamba 20 launin rawaya. Wanda yake da mai 12 kada rawaya ya kwana a jakarsa, ko da kyauta aka ba shi. A gefe guda, wanda ya ci karo da tsohuwar Greener mai baki ɗaya ya duba da kyau: kamfanin ya ƙera wata ta musamman don 'yan sandan ƙasashen mulkin mallaka, da harsashi na daban da ba a samu a kanti, don in an sace ta ta zama sanda. Wannan babu abin saya mata.

Lamba ta biyu, tsawo, ita ce ta kusa cin ƙanena. Akwai milimita 65, 67, 70, 76 da 89; a inci kuma 65 shi ne 2½, 70 shi ne 2¾, 76 shi ne 3, 89 kuma 3½. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, tsawon kwanso ne bayan an harba, lokacin da bakinsa ya buɗe. Kafin harbi bakin a naɗe yake, shi ya sa na 70 ke kwanciya lafiya lau a makwancin 65, na 76 a makwancin 70. Da an harba, bakin ya rasa wurin miƙewa sai cikin wuyan da ke tsukewa zuwa bututu, ya rage hanya daidai lokacin da matsi ke kan ganiyarsa. A gaskiya, ni abin da ya fi damuna ba tsawon ba ne kaɗai, abin da tsawon ke ɗauke da shi ne. Kwanso mai tsawo yawanci an cika shi da dalma mai yawa. Hukumar CIP, wadda ƙasashen Turai suka kafa tun 1914 don daidaita gwajin bindigogi, ta tsayar da iyakar matsin harsashin lamba 12 na yau da kullum a 740 a ma'aunin matsi na bar, na 76 kuwa yana iya kaiwa 1,050. Gajere a doguwar makwanci ba matsala: mai 76 tana cin 70 da 65. Akasin haka ne haramun. Mai makwancin 65 nata 65 ne, ko 67 wanda aka yi shi musamman ya dace da ita, in kwalin ya faɗi haka.

Matsalar ita ce na 70 ya fi yawa a hannun dillalai, kuma mai sayarwa abin da ke gabansa yake yabo. In ka ce 65 kake so, za ka ji, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, wannan ma ya fi ƙarfi." Ƙarfin ne ba ka so. Ka ce a yi maka oda ka jira.

Yadda ake sanin makwancin kuwa, a cire katakon gaba, a raba bututu da gangar jiki, a duba shafaffen wurin da ke ƙasa. Bindigogin Ingila sun bi ta gidan gwaji na Landan ko na Birmingham, wanda aka kafa a 1813. In ka ga NITRO PROOF, ko NP, ko BNP da kambi a sama, an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Na Beljiyam suna da ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, amma wannan kaɗai bai isa ba, sai an ga zaki da PV a ƙarƙashinsa. Tsawon kuma sukan buga shi 12-65 ko 12-70. Baikal ta Rasha kuwa a jikin bututu take rubuta 12/70 ko 12/76, kuma ƙarfenta mai kauri ne, ba ta da tsirfa. Wadda babu tambarin marar hayaƙi a jikinta, ko wadda bututunta ke da zane kamar igiyar ruwa ko saƙar tabarma, alamar an murɗa ƙarfe an naɗe shi aka ƙera, wannan a rataye ta. Tsatsa na bin layin naɗin ta ciki inda ido ba ya gani. Haka ƙirar gida da aka yi da bututun famfo ko sandar sitiyari: ba wanda ya gwada ta, babu harsashin kanti da zan ce ya dace da ita.

Tambari ma shaidar ranar gwaji ce, ba shaidar yau ba. Bindigar da ta yi damina 80 a Filato ta sha ruwa. Ka ɗaga bututun ga haske ka leƙa: ramukan tsatsa, lotsawa, ko zobe mai duhu wanda ke nuna kumburi. Ka rataye shi da zare ka ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayye ƙara yake kamar ƙararrawa, wanda haɗinsa ya saki sai ka ji kamar an bugi kwano mai tsaga. Ka haɗa ta ba tare da katakon gaba ba ka girgiza. In bututu na motsi a jikin ganga, sai maƙeri mai rajista ya gani kafin a yi maganar harsashi. Kuma kullum kafin ɗuri a leƙa. Zanzaro ba ya neman izini kafin ya yi gini a bututu, kuma ɗan laka kamar ƙwayar gyaɗa ya isa ya fasa ƙarfe.

Nauyi da girman ƙwaya

Nan ne na fi saɓawa da abokan farauta. Ana sayar da giram 24, 28, 30, 32, 34, 36 har sama. Mutanenmu na son mai nauyi, wai ya fi kai wa nesa. Ba ya kai wa. Gudun ƙwayoyin kusan ɗaya ne, abin da ya ƙaru yawansu ne, da dukan kafaɗa, da wahalar da ƙota da maƙullin bindiga ke sha. Maƙeran Ingila suna da tsohon lissafi, cewa nauyin bindiga ya ninka nauyin dalma sau 96. Giram 28 ke nan na son bindiga mai kilo 2.7, giram 36 na son mai kusan kilo 3.5. Ta kawu ba ta kai kilo 3 ba. Tsagar da na gani a wuyan ƙotarta, wadda ya ɗaure da waya, ba faɗuwa ta yi ba, jan harsashin nan ne ya yi mata. Ga tsohuwar bindiga mara nauyi, 28 ne zaɓina, 30 in an matsa.

Girman ƙwaya kuma ya danganta da abin da aka fita nema. A ma'aunin Ingila, giram 28 na lamba 6 yana ɗauke da ƙwaya kimanin 270, lamba 5 kimanin 220, lamba 4 kimanin 170, BB 70, AAA 35 kacal. Ka kwatanta: fakara ta tashi a taku 30, ka watsa mata ƙwaya 35, tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai gurbin da za ta wuce ba ta ji komai ba, ko kuma ƙwaya ɗaya ta karya mata ƙafa ta je ta mutu a ciyawa ba ka samu ba, ba ka yanka ba. Ga kurciya da hasbiya da fakara, lamba 6. Zabon daji yana da gashi mai kauri kuma ba ya bari a matso, lamba 5 ko 4. Zomo da gyazbi, lamba 4 ta wadatar. BB na dinya ne da makamantanta. Dalilin da ya sa BB da AAA suka mamaye jakar mafarauta ba wai sun fi ba ne, su aka saba kawowa. Ga shi kuma manyan ƙwayoyi ba sa son tsukakken baki, kuma tsofaffin masu baki biyu galibi bututun hagu a tsuke yake sosai.

A lura, lambar ba ɗaya ba ce a kowace ƙasa. Lamba 6 ta Amurka milimita 2.8 ce, daidai da lamba 5 ta Ingila, BB ɗin Amurka ma ya fi na Ingila girma. In kwalin ya rubuta milimita, shi za a bi: 2.6 na tsuntsu ƙarami, 2.8 zuwa 3.1 na zabo.

Dalma ko ƙarfe? Turai na komawa ƙwayar ƙarfe saboda gubar dalma, don haka irinsa na iya faɗowa cikin kayan da ake shigowa da su. Ƙarfe ba ya lotsewa in ya zo matsatsi, sai ya tura bututun, ya bar zobe a kusa da baki. Bindigar da aka gwada don ƙarfe mai ƙarfi tana da tambarin fure mai kunne uku. Tsohuwar da aka ƙera kafin a san wannan, dalma ce tata. Amma dalma guba ce, kuma mu ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da ta yi wa yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. A tsince ƙwayoyin daga nama kafin ya shiga tukunya, a yanke inda suka bi, kada kuma a bar yara su mai da kwanso abin wasa.

Matoshin da ke tsakanin albarushi da dalma iri biyu ne, na roba da na zare. Na roba yana ɗan tattara ƙwayoyi, ya fi araha, amma yana zama a gona shekaru, dabba na iya haɗiya. Wanda ke harbi a gonarsa ko inda shanu ke kiwo ya nemi na zare. Bambancinsu a taku 30 bai kai a yi gardama a kai ba.

Sabo a kwali, tsohon ajiya, da mai ɗurin hannu

Na taɓa cin wannan kasuwa, shi ya sa nake da baki. Shekarun baya wani ya kawo mini harsasai a leda, ba kwali, ya ce ragowar wani mai lasisi ne, rabin kuɗi. Kwanson ja ne mai sheƙi. Na uku da na harba a Baikal ɗina, maimakon ƙara sai na ji "fus", kamar an buɗe kwalbar lemo. Allah Ya sa na karya na leƙa: matoshi na tsaye a tsakiyar bututu. Da na ɗora wani a kai, da yanzu da hannun dama kaɗai nake wannan rubutu, ko babu ma. Da na yanka ɗaya daga sauran, sai ga gutsattsarin ƙarfe da ƙwayoyin boris a madadin dalma, bakin kuma an liƙe shi da kyandir. Tsohon kwanso ne aka sake cikawa. Araha ba ta ado. Alamominsa ba sa ɓuya ga wanda ya duba: naɗin baki ba ya zama tsaf kamar tauraro, akwai ƙujewa a jan ƙarfen gindi, cibiyar da allura ke doka ta ɗan fito ko ta nutse, kuma in ka jera biyar a tafin hannu nauyinsu ba ya zuwa ɗaya. Ban da hatsarin, saye a bayan fage laifi ne ko da kana da lasisi. Dillali mai rajista zai nemi lasisinka, ya rubuta abin da ka saya, kuma adadin da aka yarda maka yana cikin takardarka. Wanda bai tambaye ka takarda ba, kai ma kada ka tambaye shi farashi.

Tsohon ajiya irin na gwangwanin kawu shi ma ba abin dogaro ba ne. Kwanson takarda, irin Eley ruwan goro da dattawa ke yabo, yana da daɗin harbi in sabo ne, amma yana shan danshi ya kumbura, kuma daminar Jos, musamman daga Yuli zuwa Satumba, ba ta raga wa komai. Na roba, wanda ya bazu tun wajen 1960, ya fi jure wannan, sai dai gindinsa na yin tsatsa. Wasu tsofaffin cibiyoyi kuma suna barin gishiri a bututu, wanda ke jawo tsatsa cikin kwana biyu in ba a wanke ba. Wanda ya yi kore a gindi, ko ya kumbura, ko rubutunsa ya goge har ba a iya karanta tsawo da nauyi, a ware shi a miƙa wa hukuma, kada a jefa a wuta ko a shara. In kuma an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon inda ba kowa, a ƙirga 30 kafin a karya, don tsohon harsashi yakan yi jinkiri sannan ya tashi.

Saya kaɗan ya fi. Kwali ɗaya mai 25 na isar mai fita jefi-jefi tsawon rani. A ajiye shi cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, sama da ƙasa, nesa da murhu, kuma ba wuri ɗaya da bindigar ba. Kafin a yi oda da yawa, a gwada ɗaya a kan faffaɗan kwali a taku 30, a wurin da tudu ke baya, a ga yadda ƙwayoyin suka bazu. Kowace bindiga da irin wanda take so, ko bututun dama da na hagu ba sa zuba iri ɗaya. Gandun daji irin Pandam kuwa ba wurin gwaji ba ne, ba kuma wurin farauta ba.

Mai baki biyun kawu tana rumbun 'yan sanda tun kwana na 12, tare da gwangwanin gaba ɗaya. Hukumar kan dakatar da ba da sabon lasisi lokaci zuwa lokaci, don haka mun shigar da takarda muna jira. Kafin a tafi da ita na shafe ta da mai, na toshe bakunan biyu da tsumma saboda zanzaro, na rubuta a 'yar takarda na soke a jikin bargon: 12/65 ko 12/67, giram 28, lamba 6 da lamba 5, dalma, matoshin zare. Ƙanena ya karanta ya ɗago kai.

"Yaya, in dillalin ya ce babu fa?"

Na ce sai ta ci gaba da kwanciya a bargonta har ya kawo.